Dakan da Na Yi a Cikin Takaba

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke cikin kowane ƙirji. Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku yarintata a Gobarau, na rubuta aurena da zuwana Ƙofar Marusa, na rubuta haihuwar kowannenku, amma duk ranar da na iso kan shekarar da babanku ya rasu sai in rufe littafin in ce idona na ciwo. Idona lafiyarsa lau. Ku huɗun duka nake wa magana, sai dai wanda na fi nufa ya san kansa: kai babban, ɗan farina, wanda ban taɓa kiran sunansa da bakina ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Shekara bakwai ke nan kana zuwa duk Juma'a, ka tsaya a zaure, ka gaishe ni daga can, ka ajiye abin da ka kawo, ka juya. Ba ka taɓa fashi ba, kuma ba ka taɓa taka tsakar gidan nan ba. An ce maka uwarka ta yi rawa a cikin takabar ubanka, kai ma ka ga wani abu da idonka. Kunyar ɗan fari ta hana ni in zaunar da kai in faɗa maka yadda aka yi. To ga takarda, ita ba ta jin kunyar kowa.

Dole in fara da turmi, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. A gidanmu na Gobarau mu shida ne 'yan mata, kuma ba a yi wadda ta kai ni lugude ba, wannan ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk wadda ta rage a cikin tsararrakina. Mu uku a turmi ɗaya, wannan na ɗagawa waccan na saukewa, in abin ya yi daɗi sai ki cilla taɓarya sama, ki tafa sau biyu, ki cafe ta kafin ta sauko. Da aka kawo ni gidan nan sai na tarar ni kaɗai ce mace, babu abokiyar daka. Daga baya injin niƙa ya zo unguwa, kowa ta huta, ban da ni, don babanku ya rantse yana jin ɗanɗanon ƙarfe a furar inji. Saboda haka kullum bayan la'asar ina bakin turmi, daidai lokacin da yake rufe shagonsa na ɗinki ya hau kekensa ya nufo gida. Wata rana, ina amarya, na yi bugu uku na cilla taɓarya, ban kai ga tafawa ba sai na ji an ƙwanƙwasa ƙyauren zaure sau biyu, daidai inda tafin ya kamata ya faɗo. Na cafe, na sake yin uku, na cilla, aka sake ƙwanƙwasawa. Sannan ya yi sallama ya shigo da fuskarsa a ɗaure kamar ba shi ba. Daga ranar na daina tafawa in na san ya kusa dawowa, nakan bar masa gurbin. Shekara talatin da huɗu muna haka. Babanku ba mutum ne mai daɗin baki ba, ban taɓa jin wata kalmar so daga gare shi ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. Ku kun tashi kuna jin ƙwanƙwasar nan kun ɗauka salon sallamarsa ce kawai.

Ranar da ya rasu na riga na jiƙa gero. Ya tashi daga kan keken ɗinki zai yi alwalar azahar, ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Kafin magariba an kai shi an dawo. Yayarsa, Gwaggonku Dije, Allah ya jiƙanta, ita ta zaunar da ni takaba. Ta cire mini 'yan kunne da hannunta, ta kwashe kwalli da turare ta kulle a akwati, ta shimfiɗa mini tabarma a ƙuryar ɗaki, ta damƙa mini wata 'yar wuƙa mai ƙotar icce ta ce in riƙa riƙewa, haka tsofaffinmu ke yi wa mai takaba. Ta ce in rage murya, in rage tafiya, wata huɗu da kwana goma ba su da yawa. Ba mugunta ta yi mini ba. Abin da aka yi mata ne lokacin da nata mijin ya rasu, kuma ta so ƙanenta so mai tsanani.

Ban yi kuka ba. Ranar farko ban yi ba, ranar uku ban yi ba, aka yi sadakar arba'in idona a bushe. Mata suka riƙa shigowa gaisuwa suna fita suna yabo, wai a dubi Indo, ga haƙuri ga tawakkali, ko tari ba ka jin ta yi. Har misali aka riƙa yi da ni a unguwa. Gwaggo Dije takan ɗaga labule ta nuna ni ga baƙi, ta ce duk dangi ba a taɓa takaba mai kyan wannan ba. Wallahi ina jin su, kuma ba ni da bakin da zan ce musu ba haƙuri ba ne. Jikina ne ya ƙi. Sai na ji kamar an cika ni da yashi daga wuya zuwa ƙafa. Na koma sallah a zaune, aka ce raunin rashi ne. Tuwo in an kawo in tsakura in tura sauran ƙarƙashin gado. In na buɗe ido da safe baƙin ciki nake yi da na buɗe shi, Allah na tuba. Abin da ake yaba mini shi ne ciwon, kuma duk wanda ya shigo sai ya ƙara mini shi da addu'ar Allah ya ƙara haƙuri.

Zulai ce ta gane, autarku, da take zuwa daga gidan mijinta a Batagarawa duk sati. Ba fuskata ta duba ba. Takalmana ta gani a bakin ƙofa, a jere yadda ta jera su satin da ya wuce, har gizo-gizo ya yi saƙa a cikin ɗaya. Wato ko banɗaki da ƙyar nake jan jiki in je ba takalmi. Tana da ciki lokacin, kuma a asibitin da take zuwa awo an ba su wata lamba, ta matan da ke magana ta waya da waɗanda damuwa ta kwantar. Ta durƙusa ta roƙe ni. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce ta sani, ba fita zan yi ba, ba wanda zai gan ni, in ban so ba in kashe. Don ta ƙyale ni na ce to.

Sunan matar Malama Binta. Har yau ban san kalar fuskarta ba, na dai san harshenta na Zazzagawa ne, kuma tana kira Litinin da Alhamis da hantsi. Kira biyu na farko mun ƙare su a gaisuwa. Ina kwana, lahiya lau. Ya haƙuri, da godiya. Ya kike ji a ranki, alhamdu lillahi. To mi zan ce? Mace ta tashi tun tana ɗiya ana koya mata amsar nan, sai wata da ba ta taɓa gani ba ta ce ta sake wata? A kira na uku ba ta tambayi raina ba.

“Mama, ni ba na ganinki. Ki taimake ni. Yanzu haka ina hannuwanki suke?”

Na duba. Na ce na hagu na riƙe da waya, na dama na kan cinya.

“A buɗe yake ko a dunƙule?”

“A dunƙule.”

“Akwai wani abu a ciki?”

“Wuƙa.”

Ta ce ta san wuƙar takaba, kakarta ma ta riƙe, amma duk da haka za ta tambaye ni kai tsaye: ko na taɓa tunanin in cutar da kaina da ita ko da wani abu? Ba wanda ya taɓa yi mini magana haka. Na ce a'a, ina tsoron Allah, amma ina so in kwanta kada in tashi. Shi ne karo na farko da na faɗa da baki. Ba ta yi salati ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce ta ji, kuma za ta so Zulai ta san wannan, in na yarda. Sai ta ce in gwada buɗe yatsa ɗaya, ɗaya tak, ita ma ga hannunta a dunƙule a can, tare za mu buɗe. 'Ya'yana, ranar mun kai rabin awa a kan yatsu biyar. Da tafin hannuna ya buɗe, shatin ƙotar wuƙar na kwance a ciki, ja wur. Na ajiye ta a kan tabarma na zauna ina kallon hannuna.

Haka muka riƙa yi. Tunda ba ta ganina, sai ta ce mu yi magana da ƙara. In na ɗaga kafaɗa na sauke, in buga ƙafar gado sau ɗaya, ita kuma sai ta buga teburinta ta amsa. In na buga biyu ta buga biyu, in na yi a hankali ta yi a hankali. Ba ta taɓa riga ni ba, kuma ba ta taɓa barin bugu na ya faɗi ba amsa ba. Wata rana ta ce in jingina da bango in karkata dama in karkata hagu, kamar ina jijjiga goyo. Ina cikin yi sai na tsaya na tambaye ta, wai shin wannan wane irin magani ne? Ta ce ba za ta ɓoye mini ba, abin da ta karanta sunansa jinya ta hanyar rawa da motsa jiki.

Na kashe wayar. Ni Indo, rawa, ko wata uku babanku bai yi a ƙasa ba? Ta kira Alhamis ban ɗauka ba, ta kira Litinin ban ɗauka ba. Na koma ƙuryata na ɗauki wuƙata. Amma ranar Juma'a na shiga wanka na zauna a kan kujera, na kasa ɗaga ƙoƙo in zuba ruwa a kaina, har aka yi kiran sallah ina zaune ruwan ya huce. A nan na tuna satin da ya wuce da kaina na ɗaga shi. Da ta sake kira na ɗauka, na ce mata ta yi mini rashin kunya. Ta ba ni haƙuri a kan yadda kalmar ta buge ni, amma ta ce ba za ta sake wa abin suna don ta yaudare ni ba, kuma ba za ta sa ni yin abin da addinina ko zuciyata suka ƙi ba. Ni zan zaɓi motsin, ita bina kawai za ta yi. Sai ta tambaye ni wane aiki ne jikina ya fi sani, wanda ko barci nake zai iya yi. Ban yi tunani ba na ce daka. Har na ba ta labarin ƙwanƙwasar babanku, abin da ban taɓa faɗa wa mahaluki ba.

Ba ita ta ce in je bakin turmi ba, ku riƙe wannan. Sati uku muna kaiwa ga tsayuwa, da taku biyar zuwa ƙofa, da taku goma zuwa bishiyar dalbejiya. Ranar wata Alhamis, saura kwana goma sha biyu in fita takaba, na ce mata yau ta sake kirana bayan la'asar. Na jiƙa gero da kaina. Na mirgino turmi daga bayan madafi, na buɗe muryar wayar na ɗora ta a kan kifaffiyar ƙwarya. Bugun farko taɓaryar ta kusa kayar da ni. Na biyu ma haka. Wajen na ashirin sai kafaɗuna suka tuna, ƙuguna ya tuna, ƙafafuna suka fara musayar nauyi da kansu. Daga cikin waya ina jin Malama Binta na amsa mini da teburinta, ina sauke tana ɗagawa, sai ga lugude, ni da matar da ban taɓa gani ba. Ɗankwalina ya zame ban tsaya ɗaurawa ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, jikina ya yi rangaji, kuma na ji daɗi. Wata huɗu ban san ina da baya ba sai ranar.

A nan ne ka shigo, babban. Ban gan ka ba. Sai daga baya na tarar da buhun shinkafa a zaure, na san ka zo, ka leƙo, ka ga uwarka kai ba ɗankwali tana rangaji a bakin turmi ana buga mata daga waya, ka ajiye ka juya. Ban ga laifinka ba. Ni ma da na leƙo na ga haka abin da zan ɗauka ke nan. Sai dai ka tafi kafin ƙarshe.

Da gari ya fara laushi, hannuna ya yi abin da ya saba. Na yi uku na cilla taɓarya sama, ban tafa ba. Na bar gurbin. Wallahi ban shirya ba, kunnena ne kawai ya juya wajen zaure yana jira. Ƙyauren bai yi ƙara ba. Wayar ma ta yi tsit, matar da ba ta taɓa barin bugu na ba amsa ba, yau ta yi shiru. Na cafe, na sake uku, na sake cillawa, na sake jira. A karo na uku ban cafe ba, taɓaryar ta faɗi ta bugi gefen turmi ta mirgina. A lokacin na san babanku ya mutu. An faɗa mini, na ga makara, na karɓi gaisuwar ɗaruruwan mutane, amma sai lokacin labarin ya iso jikina. Na durƙusa na rungume turmin na yi kukan da har maƙwabta suka ji, na yi ta yi har aka kira magariba. Duk tsawon lokacin tana kan waya, numfashinta kawai nake ji. Da na lafa na tambaye ta don mi ba ta buga ba, alhali ta san wurin.

“Ba gurbina ba ne, Mama.”

Washegari da sassafe Gwaggo Dije ta iso, ko zama ba ta yi ba. Maƙwabta sun kai mata labarin lugude, kai kuma ta tsare ka da tambaya ka faɗi abin da ka gani. Kukan kuwa aka ce na nadama ne. Ta ce lugude na gidan biki ne, na tozarta ƙanenta, na zubar da takabar da take alfahari da ita, har ana cewa namiji ne a wayar. Sai ta miƙo hannu.

“Ba ni wayar nan, Indo. Ki koma tabarmarki ki cika kwanakinki, in rufe bakin mutane. In kin ƙi, ni da gidanga har abada.”

Na san tana nufin abin da ta faɗa, kuma na san duk dangin babanku bayanta za su bi. Na dubi tabarmar a ƙurya, da wuƙar a kanta. Na san in na koma can ba zan sake tashi ba, gawata za a fitar ana yabon haƙurina. Na ce mata:

“Yaya, ban fita ba, ban yi ado ba, ban saɓa wa Allah ba. Wayar kuwa ba ni bayarwa.”

Ta cika alkawari. Ranar da na fita takaba babu mace ɗaya daga dangin babanku da ta zo, Zulai da wata maƙwabciya ne suka dafa mini ruwan wanka. Shekara huɗu Gwaggo Dije ta rayu bayan haka ba ta sake tako gidan nan ba, na je gaishe ta tana jinya ta juya fuska bango. Wannan yana ci mini rai har gobe, domin ita ta karɓi haihuwar uku daga cikinku. Malama Binta ta ce in na yarda za ta yi magana da ita, ko da kai, ta yi bayani. Na ce a'a. A nan ni ma na yi kuskure, kuma na girman kai ne. Na ga kamar in na nemi a wanke ni, na amsa laifin da ban yi ba. Na ce gaskiya za ta fito da kanta. Ba ta fito ba, na zauna ina jira har furfura ta gama cinye kaina.

Bayan takaba Malama Binta ta tura ni wajen likita, na sha magani na wasu watanni, muka ci gaba da waya har ranar da ta ce ta ga na iya tsayuwa ba ita. Muka yi sallama, na sa mata albarka, ban sake jin muryarta ba. Zulai ta haifi ɗa namiji aka sa masa sunan babanku, da hannun nan da aka yi rabin awa ana buɗewa na yi masa wankan farko. Na ga auren jikokina biyu. Ina sallata a tsaye har yau, sai dai gwiwa in ta motsa. Duk wannan daga bakin turmin nan na samo shi, kuma da za a mayar da ni ranar da Gwaggo Dije ta miƙo hannu, amsar da na ba ta ita zan sake ba ta, ko da na san kai zan rasa a tsakar gida.

To ka ji, babban. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, ban kuma ba ka ba, abin da ya faru kawai na faɗa. Yanzu ƙarfina ya ragu, sati guda sau ɗaya nake daka, kuma da gangan na mayar da shi ranar Juma'a bayan la'asar. Na san kana jin sa tun daga bakin lungu, na san ka kan tsaya a zaure sai na gama sannan ka yi sallama. Taɓaryar ba ta tashi sama sosai kamar da, amma ina cilla ta, kuma ba na tafawa. Ƙyauren nan dai shi ne na zamanin babanka, ban bari an sake shi ba, yana daidai hannunka na dama.